Kwana Talatin

Alƙali ya sa hannu ran uku ga Agusta.
Mu ba mu ji ba.
Muna gona, ni da Ezell Broussard,
muna tsinkar kuɓewa, ƙaiƙayi har gwiwar hannu,
kogin Misisipi na wucewa bayan shingen waya
bai nemi izinin kowa ba.
Can Baton Rouge, a wani ofis mai sanyi,
agogo ya riga ya fara cin kwanakinsa.

Wasiƙar ta sha yawo.
Ta je tsohon kurkukun da ya bari tun bara,
ta kwana a tire, ta juyo, aka farke, aka liƙe,
ta iso hannunsa ran sha tara.
Ezell sunansa kaɗai ya iya karantawa.
Ya miƙo mini: "Lauya, me ta ce?"
Ni ba lauya ba ne, fashi ya kawo ni.
Shekara sha ɗaya a ɗakin littattafai ta ja mini sunan.

Na ce, an ƙi.
Ƙarar nan mai sunan Latin, mai cewa
a kawo jikin mutum gaban alƙali a ji dalilin tsare shi,
an kore ta a shafi huɗu.
Jikin kuwa ga shi zaune bakin gadona,
shekara sittin da biyu, haƙora tara,
yana murza hula.

"Shi ke nan ke nan?"
A'a, akwai ɗaukaka ƙara. Kwana talatin.
Ya murmusa, wai talatin ai da yawa,
shi da ya ƙirga shekara ashirin da shida a nan.
Bakina ya yi nauyi kafin na ce:
ba daga yau ake lissafi ba, tsoho,
hanya ta cinye sha shida.

Bayan kwana biyu wani ya soki wani a layin abinci
a kan kwalin madara.
Aka garƙame mu duka, kwana tara.
Ezell na ɗaki na shida, ina na sha ɗaya.
Kullum asuba ya ƙwanƙwasa bututun ruwa da cokali,
ni in amsa masa da abin da ya rage.
Sha ɗaya. Goma. Tara.
Ban taɓa sanin ƙarfe ya iya roƙo ba.

Da aka buɗe, saura uku.
Abin da ake so bai wuce layi biyar ba:
ni wane, ban yarda ba, na ɗaukaka.
Amma makullin ɗakin littattafai na jakar Madam Guidry,
ita kuwa ta tafi kafe tagogin gidanta,
guguwa na tasowa daga teku.

Na rubuta da guntun fensir
a bayan takardar odar kanti.
Kan sarki, ƙunshin taliya biyu na ba da.
Ezell ya zana sunansa harafi harafi,
harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya.

Wuri guda doka ta sassauta mana:
ran da fursuna ya damƙa wa gidan yari takarda,
ran nan ake ɗauka ta shiga kotu.
Biyu ga Satumba, tara na dare, wuta ta ɗauke,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Wani sabon ganduroba, yaro ɗanye, Fontenot a ƙirjinsa,
ya biyo da tocila.
Ezell ya zuro ambulan ta kafar abinci.
"Rubuta kwanan wata, ɗana. Rubuta lokaci."
Yaron ya laluba aljihu. Ba biro.
Ya ce yanzu zai dawo.

Ya cusa ambulan cikin rigar ruwa.
Muka bi takunsa da kunne har tsawa ta haɗiye shi.

Yanzu Nuwamba. Kuɓewa ta bushe, an sare.
Kotu ba ta ce uffan ba,
yaron an mai da shi wani sashe.
Ezell bai daina ƙwanƙwasa bututu da asuba ba.
Ni ma cokalina na hannu,
sai dai ban san sau nawa zan buga ba.